Akwati Biyar a Kwalkwalawa

Dakta Jelani ya rubuta a allo har alli ya karye:
"Kowace na'ura baki biyu gare ta,
ɗaya na ciyarwa, ɗaya na ci.
Ku je ku gano wanda aka ci."
Wuta ta ɗauke, fanka ta yi juyi uku ta tsaya,
muka ci gaba da kwafa, zufa na ɗiga kan layi.

Takardu arba'in aka ba ni,
kowace tambaya da akwati biyar:
na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba,
ban yarda ba, sam ban yarda ba.
Na hau kabu-kabu daga Dundaye,
na sauka bakin gada, inda warin albasa ke tarbar baƙo.

Ladan na fara samu.
Farantan sola shida a kan ƙarfe
sun miƙe wa rana kamar ƙadangaru a katanga.
Tiyo na aman ruwa tun hantsi,
ba fetur, ba hayaƙi, ba bashin mai.
"Sa mini na yarda ƙwarai," in ji shi.
"Bana buhu ɗari da goma,
ga ɗiyata can makarantar jinya."
Na sa alama. Biro bai yi gardama ba.

Taku talatin, gonar Baba Modi.
Rijiyar da ke gaba uku a da
yau igiya biyu aka ƙulla mata,
guga na dawowa da laka a gindi.
Na karanta masa da muryar 'yan boko:
"Fasahar zamani ta kyautata rayuwar manomi."
Ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

"Ɗiyata, wane manomi?
Ruwan ƙasa guda na, awa tuwon gida.
Wanga yaro ya samu babban cokali,
ni kau da hannu nika ci.
Ba ni hushi da shi.
Ran da masassara tak kada ni,
shi yaj jawo tiyo yab ba tattasaina ruwa,
kwana tara, bai amshi ko sisi ba.
To, mi za ki rubuta?"

Na duba akwatunan nan biyar,
kowanne bai fi ƙwayar gero ba.
Ta ina tsoho zai shiga,
da rijiyarsa, da maƙwabcinsa, da kwana taransa?

Da dare a ɗakin kwana, kwamfuta na jira.
Ita lamba take so, ɗaya zuwa biyar,
ba ta san gaba uku ba.
Sai na tuna kuɗin rajistata:
daga injin niƙan Inna suka fito, naira kan naira,
injin da ya zo unguwarmu ina aji huɗu,
shekarar da turmin Ige ya yi shiru.
Ige mai dakau, da ta goye ni tana surfe.
Ban taɓa tambaya ba
da me ta ci abinci bayan nan.

Ashe ina cikin lissafin,
ba a gefe nake ba da biro.

Na bar layin Baba Modi ba alama,
na cika gefen takarda da maganarsa
har rubutu ya gangara baya.
Dakta ya zagaye da jan biro:
"Wannan ba adadi ba ne."
Can ƙasa, da ƙananan haruffa:
"Rijiyoyi nawa? Tun yaushe?"

Asabar zan koma.
Na sayi igiya a Tsohuwar Kasuwa,
na yi mata ƙulli a kowace gaba.
In na dawo, kafin in shiga gida,
zan biya ta ƙofar Ige.
Ban san da wace gaisuwa zan fara ba.